Daga Tashar Kafanchan Zuwa Allon Samarun Kataf

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2016 aka taru a Samarun Kataf, cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna, domin buɗe wani allo da aka kafa a bakin hanya. Allon nan ba tallar sabulu ke jikinsa ba, ba kuwa hoton mai neman ƙuri'a ba. Al'ummomi 29 na kudancin Jihar ne suka haɗa baki suka rubuta cewa suna neman gafarar duk wanda ya rasa ɗan'uwa ko dukiya a cikin tashe-tashen hankulan da suka auku a tsakaninsu. Gwamnan Jihar na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, shi ya buɗe allon.

A ƙasar nan an saba da kwamitin bincike bayan kowace tarzoma, an kuma saba ganin kowane ɓangare ya ƙirga mamatansa ya nuna wa duniya. Abin da ba a saba ji ba shi ne jama'a su fito bainar mutane su ce mu ma da hannunmu a cikin ɓarnar. Don haka ya dace mai karatu ya san yadda mutanen da suka zauna tare shekara da shekaru suka koma tsoron juna, da kuma irin doguwar hanyar da waɗansu daga cikinsu suka bi kafin bakinsu ya iya furta wannan magana.

GARIN DA JIRGI YA TARA

Sunan Kafanchan ya samo asali ne daga Fantswam, watau mutanen da ke zaune a wurin tun kafin zuwan Turawa. Garin da aka sani a yau kuwa jirgin ƙasa ne ya tara shi. A shekarar 1927 hanyar jirgin da ta taso daga Fatakwal, ta ratsa Inugu da Makurɗi, ta haɗu da ta Kaduna, aka kuma ja wani reshe daga Kafanchan zuwa Jos domin ɗauko kuza. Nan da nan wurin ya zama mahaɗa. Ibo suka zo aikin reluwe da kanti, Yarbawa suka zo da nasu sana'o'in, Hausawa suka zo fatauci da fawa da ɗinki, mutanen ƙauyukan kewaye kuma suka riƙa shigowa da doya da acca da citta. A shekarar 1933 Sarkin Jama'a ya taso daga Jama'a Sarari ya dawo da fadarsa Kafanchan.

A gari irin wannan dole a sami harshen da kowa zai ji, Hausa kuwa ita ta ɗauki wannan kaya. Da ita ake ciniki, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita kuma ake waƙa a majami'a, domin tun shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, masu bishara kuma da shi suka yi aiki a Kwoi da Kagoro da sauran wurare. Har yau Bakano zai iya shiga coci a kudancin Kaduna ran Lahadi ya fahimci duk abin da ake faɗi, ya ji ana kiran sunan Allah da irin lafazin da ya saba ji a gidansu. Sunaye ma sun gauraya. Ɗanladi da Asabe da Talatu ba su nuna addinin mai su. Bishop na Katolika da aka naɗa a Sakkwato a shekarar 2011, wanda ɗan ƙasar Ikulu ne ta Zangon Kataf, sunansa Matthew Hassan Kukah. Gidaje da yawa a Sanga da Jama'a da Kachia akwai wa Musulmi, ƙane Kirista, ana kai wa juna naman layya da shinkafar Kirsimeti.

A karkara kuma akwai wata tsohuwar ma'amala tsakanin manomi da makiyayi. Fulanin Kachechere sun daɗe a wannan ƙasa, da yawansu suna jin harsunan maƙwabtansu. Masu binciken kiwo da suka zauna a Abet, cikin ƙasar Bajju, a shekarun 1980, sun rubuta yadda manomi kan gayyaci Bafillace ya kwana da shanunsa a gonarsa da rani domin taki, ya saka masa da hatsi ko kuɗi. Citta shuka ce mai son taki, shanu kuwa suna son karan dawa da harawa bayan girbi. Matan ruga su kawo nono kasuwa, su koma da hatsi. Ba a ce babu saɓani ba, domin saniya takan shiga gona, amma mai unguwa da arɗo sukan zauna a kimanta ɓarna a biya.

TSOHON MIKI

Amma fa ƙarya ce a ce zaman nan ba shi da miki a ƙarƙashinsa. Wajen shekarar 1810 Malam Usman ya kafa masarautar Jama'a, tana biyayya ga Zazzau. A cikin ƙarnin nan na 19 an yi ta kai hare-haren kamun bayi a kan ƙananan al'ummomin yankin, har waɗansu suka hau duwatsu, kamar mutanen Kagoro, domin tsira da 'yancinsu. Da Turawa suka zo sai suka bar Kagoro da Jaba da Moro'a da sarakunansu, amma sauran wurare da yawa suka sa su ƙarƙashin hakiman da En'e ta Zazzau ko ta Jama'a ke naɗawa. Haraji da aikin tilas da shari'ar alkali duk ta hannun waɗannan hakimai suka biyo. A shekarar 1946 mutanen Kataf suka yi bore a kan haka. Jikokin waɗanda aka kama ko aka ɗaure ba su manta ba, ko da yake a makarantu ba a cika karantar da wannan babi ba.

Sa'an nan ga maganar suna. Waɗanda ake kira Kaje su da kansu Bajju suke ce wa kansu, Kataf su ne Atyap, Jaba su ne Ham, Kagoma su ne Gwong, Kadara su ne Adara. Mutum ya shekara ɗari ana kiransa da sunan da ba shi ya raɗa wa kansa ba, a bisa wannan kuma a ƙara masa da kalmar arne, wadda har yanzu takan kuɓuce daga bakin waɗansu ba tare da sun san zafinta ba. Lalle wanda ya faɗa yakan manta kafin la'asar, wanda aka faɗa wa kuwa yakan kai ta gida ya gaya wa 'ya'yansa.

Ɗaya gefen ma yana da tasa kalmar da ke ƙona shi, watau baƙo. Bahaushen Zangon Kataf da kakannin kakanninsa ke kwance a maƙabartar garin, da Bafillacen da bai san wata ƙasa ba sai wannan, idan aka ce musu baƙi ne, abin da kunnensu ke ji shi ne wata rana za a ce su tattara su tafi. Wancan yana tsoron a sake mallake shi, wannan yana tsoron a kore shi, kowanne kuma yana ganin tsoron ɗan'uwansa shaci-faɗi ne.

Gardamar wa ya riga wa zuwa tana da wani abin dariya a wannan ƙasa. A kusa da Jama'a wani ma'aikacin kuza ya tsinci kan mutum na yumɓu, ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi a matsayin mutum-mutumin korar tsuntsaye, har labarinsa ya kai ga Bature Bernard Fagg a Jos wajen shekarar 1943. Kan nan na cikin kayan tarihin Nok ne, waɗanda suka haura shekara 2,000. Masu ƙera su sun zauna a nan, sun yi noma, amma ba wanda ya san harshen da suka yi ko sunan da suke kiran kansu.

RAN 6 GA WATAN MARIS

Ran Jumma'a 6 ga watan Maris na shekarar 1987 ɗalibai Kirista na Kwalejin Ilmi ta Kafanchan suka shirya taron wa'azi. Mai wa'azin, wanda dā Musulmi ne, ya taɓo Alƙur'ani a cikin jawabinsa, ɗalibai Musulmi suka ga an ci zarafin addininsu, cacar baki ta zama dambe, dambe ya fita daga makaranta ya shiga gari. Cikin 'yan kwanaki labari ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, kowane baki ya bi ta kansa sai ya ƙara masa gishiri. Aka ƙone majami'u fiye da 100 da masallatai da dama, mutane suka rasa rayukansu. Shugaban Ƙasa na lokacin, Janar Ibrahim Babangida, ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula. Yawancin waɗanda suka ɗauki ashana a garuruwan nan masu nisa ba su taɓa taka Kafanchan ba, ba su kuma san ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda abin ya faro a kansu ba.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A watan Fabrairu na 1992 rikici ya tashi a Zangon Kataf a kan mayar da kasuwa wani sabon wuri, ya sake tashi a watan Mayu da muni ƙwarai, aka kashe ɗaruruwan mutane, wutar kuma ta kai Kaduna da Zariya. Kotun musamman ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da waɗansu hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Hausawan Zango suna tuna waɗanda aka kashe musu, Atyap suna tuna shari'ar da suke ganin ba a yi musu adalci a cikinta ba, ba safai ake samun mai tuna duka biyun ba. A watan Mayu na 1999 Kafanchan ta sake kamawa a kan bikin ba sabon Sarkin Jama'a sanda. A shekarar 2000 rikicin shari'a ya ci rayuka fiye da 1,000 a Kaduna. Bayan zaɓen watan Afrilu na 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum fiye da 800 a jihohin Arewa, kuma Zonkwa da Matsirga da Kafanchan na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Babbar kasuwar Kafanchan ta ƙone.

Gwamnatoci sun taɓuka. A shekarar 1995 aka ba Atyap da Bajju masarautunsu, a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi aka ƙara waɗansu da dama, a shekarar 2010 kuma ɗan yankin, Patrick Yakowa na Fadan Kagoma, ya zama Gwamnan Jihar. Waɗannan sun rage wani sashe na ƙorafi. Sai dai akwai wata ɓarna da ba a rubuta ta a rahoton kwamiti, ita ce ƙaura. Bayan kowace tarzoma wanda ya tsira yakan sayar da gidansa da araha ya koma unguwar da masu irin addininsa suka fi yawa, ba kuwa mai ganin laifinsa. A birnin Kaduna kogi ya zama iyaka, har ana yi wa arewacinsa laƙabi da Makka, kudancinsa da Kudus. A Kafanchan ma unguwanni sun rabu. Yaron da aka haifa bayan haka zai iya gama sakandare bai taɓa cin abinci a kwano ɗaya da ɗan wancan ɓangare ba. Ubansa ya san Kirista ko Musulmi da suna da fuska, ya san wanda ya ba shi bashi ranar da matarsa ke naƙuda. Shi kuwa yaron abin da ya sani kawai labari ne, da hotunan gawarwaki da ake turo masa a wayar hannu.

LIMAMI DA FASTO

Rikicin 1992 ya bar mutum biyu a Kaduna da tabo. Fasto James Wuye, wanda ke cikin shugabannin matasan Kirista masu faɗa, ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa, wanda ke jagorancin nasa matasan, an kashe masa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A shekarar 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa su a wurin wani taro, ya ce su yi magana da juna. Suka gaisa, kowa na zargin ɗan'uwansa da leƙen asiri.

Abin da ya sa labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa shi ne ba su ɓoye tsawon lokacin da zuciya ta ɗauka ba. Imam Ashafa ya sha faɗin cewa wata huɗubar Jumma'a ce ta karya masa zuciya, inda limamin ya kawo labarin yadda mutanen Ɗa'ifa suka jefi Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya yi jini, amma bai roƙa musu halaka ba. Da mahaifiyar Fasto Wuye ta kwanta asibiti, Imam ya je dubiya da mutanensa. Duk da haka Fasto Wuye ya faɗa da bakinsa cewa ya yi kusan shekara uku suna tafiye-tafiye tare, wani lokaci suna kwana ɗaki ɗaya, zuciyarsa na raya masa ya danne abokin tafiyarsa da matashin kai, sai da wani babban fasto ya gargaɗe shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki. Cibiyar sasantawa da suka kafa tana cikin waɗanda suka shirya yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu ran 22 ga watan Agusta na 2002. Ba wanda ya bar addininsa a cikinsu, ba kuma wanda ya ce duk ɗaya ne. Kowa ya riƙe nasa, ya daina ganin ɗayan a matsayin dodo.

ZAMAN KAFANCHAN

Irin wannan aiki ne aka gwada yi wa al'ummomi gaba ɗaya. Wata cibiyar sasanta rikici mai mazauni a Janeba ta ƙasar Suwizalan ta tara wakilai daga ƙananan hukumomi biyar, watau Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Sanga, ƙarƙashin jagorancin wata mace 'yar Kenya, Alice Wairimu Nderitu, wadda ta riga ta yi irin wannan aiki a Jos. A cikin wakilan akwai masu sarauta da malaman addini da mata da matasa. Aka ce kowace al'umma ta rubuto ƙorafinta, ta faɗe shi gaban sauran, su kuma su saurara. Aka kwashe watanni ana haka. Mai ganin shi kaɗai aka zalunta ya zauna ya ji wata uwa daga ɗaya ɓangaren tana ba da labarin da ya yi daidai da na gidansu, sai dai sunan ƙauye da ya bambanta. Ran 23 ga watan Maris na 2016 aka sa hannu a kan Yarjejeniyar Kafanchan, wadda ta taɓo filayen noma da burtali da komawar 'yan gudun hijira, ta kuma ƙunshi neman gafarar da daga baya aka ɗora a kan allon Samarun Kataf.

Ba za a yaudari mai karatu ba, takarda ba ta tsayar da harsashi ba. A cikin shekarar nan ta 2016 aka kai hari Godogodo, aka kuma kai Goska a jajibirin Kirsimeti, ƙauyuka suka watse, aka yi ta sa dokar hana fita a Kafanchan. A shekarar 2018 rikicin Kasuwan Magani ya ci mutum fiye da 50, aka kuma sace Agom Adara, Maiwada Galadima, aka kashe shi. Lamarin ya ƙara cakuɗewa da shigowar 'yan bindiga masu satar shanu da satar mutane, waɗanda ba su zauna a teburin kowa ba, waɗanda kuma ke cutar Bafillace kamar yadda suke cutar manomi. Masu sukar yarjejeniyar suna cewa gafara ba ta maye gurbin hukunci, suna nuni da ɗimbin rahotannin kwamitoci da aka ajiye a kabad ba a hukunta kowa ba. Wannan suka tana da gaskiya, nauyinta kuma a wuyan hukuma yake.

Duk da haka zaman bai tafi a banza ba, domin ya bar hanyar da ake komawa. Ran 22 ga watan Agusta na 2020, bayan wani sabon zub da jini, Agwatyap Dominic Gambo Yahaya ya tara Atyap da Fulani da Hausawan ƙasarsa, suka sa hannu a kan cewa sun yafe wa juna, kuma kowa na da 'yancin zama inda yake. An sake kai hare-hare bayan haka, waɗansu daga cikin mutanensa ma sun ga baikensa da ya zauna da waɗanda suke zargi. A maƙwabciyar Jihar Filato kuwa, ran 23 ga watan Yuni na 2018, Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Filin da aka gina masallacin nan kuwa Kiristocin garin ne suka bayar da shi shekaru da yawa kafin wannan rana.

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewayen Kafanchan, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa. Manomin Ham da na Bajju suka rasa amfanin shekara, matan da ke fere citta da shanya ta suka rasa aikin rani, dillali Bahaushe ya rasa abin aunawa, direban da ke lodi zuwa Kano da Ikko ya ajiye mota. Da damina ta zagayo irin shuka ya yi tsadar da ƙaramin manomi bai iya saye, gonaki da yawa aka mayar da su na masara da kurkur.